Uzurin da muke yi wa mai babbar riga, mu hana yaron shago

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a? Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya a garin nan namu na Kano, wato yadda muke rabon laifi da uzuri tsakanin mutane.

Duk mai shiga Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari ya san da zarar an kwarma ihun ɓarawo to shikenan, kafin ka ce kwabo an rufe mutum da duka, wani da gora wani da bel, wasu ma wallahi ba su san me aka ɗauka ba kawai sun ga ana duka ne suka shiga, babu mai tambayar shekarunsa nawa, ya ci abinci ko bai ci ba, kai ko ma shi ɗin ne ko kama ce. Amma a kasuwannin nan dai akwai mai buga gindin kwano ya tauye mudu, akwai mai juye shinkafa 'yar gida a buhun 'yar waje, akwai mai kulle kaya a sito sai azumi ya matso ya fito da su ya tsawwala kuɗi, in ka yi magana sai a ce maka ai halin ƙasa ne, dala ta tashi, shi ma yana da iyali. To shi wancan da aka fasa wa kai ba a ƙasar yake ba? Alhali sura guda Allah Ya saukar, Suratul Muɗaffifina, da gargaɗin azaba ta fara a kan masu tauye mudu.

Akwai wani hukunci na Sayyadina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, littafin da ake karantawa a zaurukan birnin nan. Bayin wani sahabi mai suna Haɗib ne suka saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka, aka kai ƙara, har Umar ya ba da umarnin a yanke musu hannu sai kuma ya dubi lamarin ya ce yana ganin ana barin su da yunwa ne. Sai ya tambayi mai raƙumar kuɗinta, ya ce ko dirhami 400 aka ba shi ba zai sayar ba, Umar ya sa ubangidansu ya biya 800. Ka duba fa Malam Edita, bai ce ba a yi sata ba, bai bar mai raƙuma da asara ba, amma ya bi laifin har gindinsa ya ɗora wa wanda ya jawo shi nauyin. Haka a shekarar fari da ake kira Amur Ramada, wajen shekara ta 18 bayan hijira, bai zartar da haddin sata a kan waɗanda yunwa ta tilasta ba. Kuma wa ya kai Umar tsanani a kan gaskiya?

Wannan ya sa nake tunanin yaran shago. Yaro ya buɗe shago da safe ya wuni yana sauke dila yana jera atamfa har magariba, a miƙa masa abin da ko kuɗin adaidaita zuwa Rijiyar Lemo da dawowa ba zai yi ba, balle tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya ninka, shekara da shekaru kuma babu maganar sallama babu maganar jari. Ranar da ya zari wani abu a aljihun tebur sai maigida ya tara jama'a ya ce an ci amanarsa, wani ma har a ɗauki bidiyo a watsa a Facebook da TikTok, a ɓata masa suna har abada. Eh ya yi laifi, haramun ya ci, dole ya mayar ya kuma tuba, don akwai dubban yara irinsa da suke cikin wannan matsin kuma ba su taɓa sisin kowa ba, in muka ce babu laifi mun zalunce su. Amma shi maigidan da ya yi Umara sau biyu a shekara ya bar yaronsa da garau-garau sau ɗaya a wuni, ba za a ce masa komai ba?

Kar wani ya ce ina kare masu ƙwacen waya. A'a. Wanda ya sha ƙwaya ya ɗauki wuƙa ya tare ɗaliba ko ɗan kasuwa a Ɗan Agundi ya soke shi saboda waya, wannan ɗan fashi ne, yunwa ba ta sa ka soki mutum, kuma iyayen da suke ganin wayoyi kala-kala a hannun ɗansu su yi shiru su ma da nasu kason. Sai dai ko shi ɗin a miƙa shi ga hukuma kotu ta yi aikinta. Mu da muka yi kuka a watan Maris 2025 da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida yin sallah, saboda kawai wasu sun yanke musu hukunci a bakin titi ba tare da bincike ba, bai kamata a ce mu ne muke yin irin haka a kasuwanninmu ba.

Roƙona ga shugabannin kasuwa shi ne su sa doka duk wanda aka kama a kai shi ofishinsu a tambaye shi a kira ubangidansa ko iyayensa kafin komai, su kuma tsayar da ƙa'ida kan abin da za a dinga ba yaran shago da lokacin sallamarsu. Hisba kuma yadda take zagayen gidajen biki ta dinga leƙa kwanon awo da sikeli. Malamanmu na Juma'a dan Allah a yi mana huɗuba a kan haƙƙin ɗan aiki, an daɗe ba mu ji ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Daga wani mai karatu a unguwar Gwale, Kano.