Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin mutanen Zariya, wato olsa, gyambon ciki.

Ni tela ne a kasuwar Sabon Gari, na haura shekara ashirin a kan keke. Duk shekara da an shiga goman ƙarshe na azumi, yadin mutane ya taru har ya rufe min taga, sai cikina ya tashi: murɗa, ƙugi, kumburi, wani lokacin gudawa. Da na hango mai kaya ya doso shago alhali ko yankawa ban yi ba, sai in ji kamar an ɗaure min hanji da zare an ja. Wani mai kemis ya ce olsa ce, na yarda. Kwalaben farin maganin nan na ruwa da na shanye, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Bara maiɗakina ta matsa na je asibitin koyarwa na Shika. Aka zura min siririyar roba mai kyamara ta baki har tumbi. Babu gyambo ko ɗaya. Bayanin da likitan ya yi min shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ashe hanyar abinci, tun daga maƙoshi har dubura, tana da jijiyoyinta na kanta shimfiɗe a jikin bangonta. Ba na jini ba, masu kai saƙo, ƙwayoyinsu sun haura miliyan 100. Namu tauna ne da haɗiya, sauran aikin nasu ne. Su ke sa hanji ya matse ta bayan abinci ya saki ta gaba, yana tura shi kaɗan-kaɗan kamar yadda muke tura zariya cikin ƙubakar wando. Haka abinci zai ratsa ƙaramin hanji mai tsawon wajen mita 6, inda jiki ke tsotse amfaninsa, ya faɗa babban hanji inda ake tsotse ruwa.

Sai kuma wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya da ƙirji zuwa ciki. Idan hankali a kwance yake, ita ke sa tumbi ya zubo ruwan narkarwa, hanji ya yi motsi daidai. Da fargaba ta shigo, wasu jijiyoyin daga laka ke karɓe ragama: miyau ya ƙafe, jini ya koma gaɓoɓi, abinci ya tsaya a tumbi, babban hanji kuwa ya yi gaggawa bai gama tsotse ruwa ba. Da likitan ya zo nan na tuna maganar iyayenmu, cikinsa ya ɗuri ruwa, hanjinsa ya kaɗa. Wallahi sun gano abin tun tuni.

Olsa ta gaskiya akwai ta. Yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta, tana da magani. Sai kuma magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen. Wannan ne ya fi tada min hankali, domin a layinmu na teloli ana afa su saboda ciwon baya, wani ma ciki babu komai, sannan a ɗora laifin kan yaji da yunwa.

Ni dai yanzu daga sha biyar ga azumi ba na karɓar ɗinki, kuma a zaune nake cin abinci, ba a kan keke ba. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma na samu sauƙi ƙwarai.

Ina kira ga masu kemis, don Allah ku daina yanke wa mutum hukuncin olsa daga jin ya ce ciki, ku tura shi gwaji. Wanda kuma ya ga kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ta rama ba dalili, kada ya kwana bai je asibiti ba.

Naku,
Wani tela,
Sabon Gari, Zariya.