Ba kowane zane a jikin dutse ba ne ramin tsutsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da zarar an ce an gano sawun dabba mafi tsufa a duniya, sai kafafen labarai su yaɗa kamar an gama magana. Don Allah ku riƙa bi a hankali, ruɗu ya yi yawa a wannan fanni.

Dabbobin da suka fara kutsawa cikin lakar ƙasan teku ba su da ƙashi ko ɓawo. Jikinsu ya ruɓe, hanyar da suka bi ce kawai ta daskare ta zama dutse. Wadda masana suka fi dogaro da ita suna kiranta Treptichnus pedum: gajerun ramuka a jere, kowane ya tsiro daga gefen na bayansa ya lanƙwasa sama, kamar ɗinkin hannu. A 1992 aka ɗauki bayyanarta a duwatsun Fortune Head da ke Newfoundland a Kanada a matsayin alamar mafarin zamanin Kambiriyan, lokacin da dabbobi iri-iri suka fara yawaita a teku, wajen shekara miliyan 539 baya. Ko ita ma daga bisani an tarar da ita kimanin mita 4 ƙasa da inda aka kafa alamar.

Ramin gaske yana da shaidu. Faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, tunda jiki guda ne ya huda shi, kuma sau da yawa akwai ɗan tudu a gefunansa biyu inda aka ture laka. Tsagewar laka kuwa, irin ta busasshen kududdufi da rani, tana tsukewa a ƙarshe kamar tsinke, ta haɗe da wasu ta yi gida-gida. Akan haska dutsen da fitila ta gefe don inuwa ta fito da zanen, sannan a yanka shi a goge: rami zagaye yake a ciki, tsaga kuwa baki buɗe, gindi tsukakke. Shekaru kuma daga ƙwayoyin ma'adinin zirkon na tokar aman wuta da ke sama ko ƙasa da wurin ake auna su, ba daga ramin ba.

Abin bai tsaya nan ba. A 2008 aka ba da rahoton ganin Gromia, halitta mai ƙwayar rai guda wadda ba dabba ba ce, girmanta kamar ɗan inabi, tana barin sawu a ƙasan tekun Bahamas tamkar na dabba. Shi ya sa zanen da aka samu a Franceville ta Gabon, mai shekara biliyan 2.1, har yau ake jayayya a kansa, kuma masu binciken ma ba su ce dabba ce ta yi shi ba.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum