Kirsimetin bana: a rage anko, a leƙa gidan gwauruwa

Zuwa ga Edita,

Ina gaishe ka tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina kuma roƙon ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristocin Sakkwato, musamman shugabannin ikilisiyoyi da iyayenmu na zumuntar mata, tun shirye-shiryen Kirsimeti ba su kankama ba.

Halin da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, duk abin da mota ke ɗauka ya bi sahu. Magidancin da ya saba sayen hatsi da buhu ya koma tiya, mai tiya ya koma gwangwani. Ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, waɗanda muke ganinsu da idonmu suna fakewa a kangaye cikin gari, ga hunturu ya kama, yara ba rigar sanyi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake yawan ji a bakin masu bi, wai bana sai haƙuri, kowa ta kansa yake yi. Da na ga an dakatar da komai, da na yi shiru. Amma har yanzu ana rubuta sunaye domin anko, ana karɓar kuɗin kwalliyar majami'a da hayar rumfuna, sai taimakon mabuƙata kaɗai aka ce ya jira shekara mai sauƙi.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana jiran wadata ba. A cikin 2 Korintiyawa sura 8, Manzo Bulus ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya domin suna tsakiyar tsanani da matsanancin talauci suka roƙa a ba su damar taimaka wa 'yan'uwa. A Markus sura 12, Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko, ya tsallake attajirai ya nuna wa almajiransa gwauruwar da ta saka anini biyu. Akwai kuma wata aya da ba safai ake wa'azi a kanta ba, alhali tana cikin labarin haihuwar da muke bikinta. Luka 2:24 ya nuna hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai haikali tsuntsaye biyu ce, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya tanadar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Gidan talakawa ne aka haifi Mai Cetonmu, saboda haka ban ga yadda za mu yi murnar zuwansa mu bar talaka a bakin ƙofa ba.

Sai dai yadda ake bayarwa ya fi damuna, kuma a nan na ɗanɗana da kaina. Wata shekara da aikina ya tsaya, an sa sunana cikin waɗanda za a tallafa wa. Ranar Lahadi aka kira mu gaban jama'a ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora mana ledoji a hannu, aka ɗauki hoto, da yamma ya hau Facebook. Na gode wa waɗanda suka bayar, har yau ina yi musu addu'a, amma 'yata ta yi makonni tana ƙin zuwa makarantar Lahadi saboda kunya. A makon da aka yi rabon dai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikanta bayan duhu ya yi da tiya biyu ta shinkafa da ɗan mai, ta ce a faɗa wa maman yara saƙo ne kawai. Ita ce ta bi Matiyu 6:3, inda aka ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. Dattawan ikilisiya sun san gidajen da wuta ba ta tashi a murhu, babu abin da zai hana su kai kayan da dare ba tare da mai ɗaukar hoto ba.

Ina kuma roƙo kada a tsaya tambayar addinin mai yunwa. Yawancin waɗanda suka gudo daga ƙauyukan gabashin jihar nan Musulmi ne, kuma mu da muke zaune a Sakkwato mun san kwanon naman da maƙwabta ke aiko mana kowace babbar Sallah. Basamariyen da Yesu ya buga misali da shi bai tambayi wanda ya tsinta a hanyar Yariko daga wace majami'a yake ba.

Roƙona ga kowace ikilisiya a Mabera da Tudun Wada da sauran unguwanni shi ne a zauna tun yanzu a yanke rabin kuɗin anko da kwalliya, a sayi gero da masara da barguna, a kuma ware wani kaso a ajiye shi sai Janairu, lokacin da shinkafar biki ta ƙare, makarantu suka buɗe, gwauraye suka fara zagayen neman kuɗin makarantar marayu.

Naka mai karatu,
wani mai bi daga Mabera, Sakkwato