Wasiƙa zuwa ga aminina a Ingila, kan haƙorin da ya tona mini asiri

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da iyali kuna lafiya, ina ba ka haƙuri kan shirun wata huɗu da na yi. Haƙori ne ya sa, kuma na san ka riga ka fara dariya, domin babu abin da ke faranta ran Bafulatani kamar ya ji Babarbare ya ga ta kansa.

Turmina na hagu ne ya yi kogo tun kafin azumi. Na bi shi da kanumfari, na bi shi da ruwan ɗumi da gishiri, na sha maganin kashe ciwo har cikina ya fara yi mini zafi, duk don kada in hau kujerar likita. Sai da kumatuna ya kumbura, Hajiya ta rantse ba za ta ƙara dama mini kunu ba in ban je asibiti ba, sannan na miƙa wuya.

Ɗiyar Yaya, wadda ke karatun likitancin haƙori a Jami'ar Bayero, ita ta raka ni, kuma a hanya ta karanto mini tambayoyi 5 da ake auna wannan tsoro da su. Ta ce wani Ba'amurke mai suna Norman Corah ne ya tsara guda 4 a 1969, sannan a 1995 masana a Birtaniya suka gyara su, suka ƙara ta allurar kashe dasashi. Wanda ya kai maki 19 cikin 25 ana sa shi cikin masu matsanancin tsoro. Ni 22 na samu. Ta lallashe ni da cewa ko a can wurinku, binciken lafiyar haƙoran manya na 2009 ya sami kashi 12 cikin ɗari a wannan sahu, amma ban ji sanyi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani a ɗakin jira. Akwai wani ɗan kasuwar Sabon Gari, ɗan ƙabilar Ibo, wanda ya faɗa a fili cewa tsoro yake ji, ya tambayi ma'aikaciyar jinya har sau uku ko allurar za ta kama. A gefensa wani dattijo ɗan uwanka, fuskarsa ta fi tawa kumburi, kuma duk wanda ya yi masa sannu sai ya ce da sauƙi. Ni kuwa hannunsa nake kallo, ya damƙe sandarsa har jijiyoyi sun fito, gumi yana bin wuyansa alhali fanka tana kaɗawa. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kwantar wa mai magana hankali, dattijon kuwa ko kallo na biyu bai samu ba, saboda pulaakunku, wato kunya da dauriyar Fulani, ya hana shi nuna gazawa a gaban yara da mata. Ban ga laifinta ba, domin wanda ya ce da sauƙi ai ya sallame ka.

Na san mutum biyu ba su isa a yanke wa ƙabila hukunci da su ba. Amma ɗiyar Yaya ta ce an daɗe da lura da haka. A 1952 Mark Zborowski ya yi nazari a wani asibitin tsofaffin sojoji a New York, ya ga 'yan asalin Italiya zafin lokacin ne damuwarsu, da an ba su magani sai su huta, Yahudawa kuma ko zafin ya lafa suna nan suna tunanin abin da ciwon zai haifar, su kuwa Turawan da suka daɗe a Amurka cijewa suke yi. Daga baya an soki aikin da cewa ya yi wa mutane kuɗin goro, kuma sukar tana kan hanya. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Jami'ar Virginia a 2016, inda aka tarar kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sabbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla camfi ɗaya game da jikin baƙar fata, irin wai fatarmu ta fi kauri. Ka ga ke nan a ƙasar Turawa, mai dauriya irinka yana iya cutuwa ta fuska biyu.

Yanzu ka ajiye dariya. Da aka yi mini allurar zuciyata ta shiga bugawa kamar ganga, likita ya ce akwai sinadarin adirenalin a cikinta, kuma fargaba ma kan jawo haka. Sai ya tambaye ni ko ina samun barci. Aminina, tun da aka fara maganar ritayata ban yi barcin kirki ba, kuma shekara guda ke nan ina kiran abin olsa. Ya ce sau da yawa mai tsananin tsoron kujerarsa yana ɗauke da wata damuwar tun daga gida. Mu da ku duk tarbiyya ɗaya aka yi mana a nan, namiji ba ya cewa hankalinsa a tashe yake, sai dai ya ce jininsa ya hau. Kai ne na farko da na faɗa wa bayan likitan.

An cire turmin, kuma wallahi ban ji komai ba sai dannawa. Ranar Alhamis zan koma a cike na kusa da shi, mun kuma yi yarjejeniya da likitan cewa in na ɗaga hannu zai dakata. Ka rubuto mini gaskiya ko ka taɓa zuwa wurin likitan haƙori tun da ka sauka a can, ko kana nan da asawakinka da girman kanka. Maki 22 ɗin nan kuma kada ya kai kunnen mutanen majalisa.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Ubangidanka Babarbare