Makaho Ma Yana Son Ya Kafa Ƙungiyarsa

Malam Edita,

Ni makaho ne, mazaunin unguwar Boukoki a Yamai. A fadarmu ta shayi, matasa kowa ya kafa ƙungiyar ƙwallo a wani wasan salula da ake tara maki bisa ƙwazon 'yan wasa na gaske: 'yan wasa 15 daga gasar Ingila, kyaftin makinsa ninki biyu. Ƙwallo kuwa na fi su saninta, rediyo ya raine ni.

TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan salula, na karanta mini saƙonni lafiya lau. Amma manhajar wasan nan, hotunan riguna ta jera a fili babu suna, sai muryar ta yi ta cewa “maɓalli, maɓalli”. Sauya ɗan wasa kuma sai an ja shi da yatsa. Dole in jira ƙanena, shi kuwa abokin hamayyata ne!

Masu ƙera manhajojin nan, ku sa wa kowane maɓalli suna mana.

Naku,
Mai karatu daga Yamai