Maganar tukwicin jirgin nan, karanta kafin ku tafi

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Hajiya da yara. Ya jikin Baba? Ka gaishe min da shi sosai, kace masa muna ta addu'a, Allah ya ƙara sauƙi. Na san zaka ce sai yau na tuna da kai, to kai ma ai shiru kayi da ni sai da buƙata ta taso sannan ka aiko min da wannan dogon saƙon muryar, rabinsa dariya rabinsa hayaniyar yara.

Ashe da gaske kun biya kuɗin jirgin ruwan yawon shaƙatawan nan! Madam ce ta fara tsegunta min tace Hajiya ta gaya mata, nace a'a ba dai mutumina ba, sai da naji da bakinka. Kai da ka ƙi shiga kwale-kwale ranar nan ka tsaya a bakin ruwa kana riƙe mana takalma, yau kai ne zaka kwana bakwai a tsakiyar teku. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, wallahi na yi muku murna, Hajiya ta daɗe tana son wannan tafiyar.

Ka tambaye ni wane ɗaki ya fi dacewa da mai jin jiri, wannan sai mun yi waya. Abun da ya sa na zauna rubutu maimakon in maida maka da murya shi ne abun da ka faɗa a ƙarshe kana dariya, wai kaji ana iya zuwa kantar kula da fasinjoji ta cikin jirgin a ce a cire kuɗin tukwicin nan da suke ɗorawa mutum, wai kai ranar farko zaka je ka cire. Dan Allah kar ka cire. Tsaya in maka bayani.

A cikin jirgin ba a ma'amala da tsabar kuɗi, kati ɗaya zasu baka, shi ne makullin ɗakinka shi ne kuma kake sayen komai da shi, duk abun da ka kashe yana taruwa a asusunka sai ranar sauka a cire. To a wannan asusun kullum garin Allah ya waye zasu rubuta maka tukwicin ma'aikata, kuma kowane kai ake lissafawa ba kowane ɗaki ba. A 2023 kamfanin jiragen Carnival suna cire dala 16 kan mutum ɗaya a rana, manyan ɗakunan alfarma dala 18. Norwegian a shekarar dala 20 ne. Royal Caribbean sun kai nasu dala 18 a ƙarshen 2023, da shekara ta zagayo suka maida shi dala 18 da santi 50. Kaga abun hawa yake yi, dan haka ka duba takardar da suka turo maka kaga na yanzu. Jarirai 'yan ƙasa da shekara 2 ko 3 wasu kamfanonin suna ɗauke musu, amma autarku ta wuce nan. Ku biyar ne, kwana 7, in mun ɗauka dala 18 ne, dala 630 kenan. Na san yanzu ka dafe kai.

Kuma ban ga laifinka ba in ka ji haushi, ni ma ina jin haushin tsarin. A tallar sai su nuna maka farashi mai sauƙi ka yi ta murna ka samu araha, sai ka shiga ciki sannan kaga ashe akwai wani kuɗi da kusan kowa sai ya biya amma ba a sa shi a farashin ba. In kuɗin aikin ma'aikaci ne a haɗa shi cikin tikiti mana tun farko, kowa ya san inda ya dosa. Kuma abu ne mai yiwuwa, P&O na Ingila sun daina cire wannan kuɗin na kullum tun 2019, jiragen masu hannu da shuni irin su Silversea da Seabourn da Regent Seven Seas su dama yana cikin kuɗin tikiti. Amma jirgin da ka biya ba haka tsarinsa yake ba, kuma in kaje ka cire ba kamfani ka ƙuntatawa ba, kamfani ya riga ya karɓi nasa tun ranar da ka biya. Haushin kaza ne zaka huce a kan dami.

Bari in baka labarin wanda ya riƙa gyara mana ɗaki lokacin da muka je ni da madam. Ɗan Indunusiya ne, siriri haka, ba zai wuce sa'an ƙaninka ba. Ranar farko ya ƙwanƙwasa ya gabatar da kansa, ya tambayi sunanmu sau ɗaya, daga nan har muka sauka duk inda ya hango mu a lungun nan mai tsawo da sunanmu yake gaishe mu. Da asuba in na leƙo zan ganshi da kekensa na tawul da zannuwan gado ya riga ya fara, da dare mun dawo daga cin abinci yana nan dai a tsaye. Da ya ga dardumar salla a kan kujera bai ce komai ba, washegari sai muka tarar ya matsar da ɗan teburin ya buɗe mana wuri, kuma shi ya nuna min tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya fuskanta dan in riƙa gane alƙibla, tunda jirgi juyawa yake yi. Wata rana ya naɗe tawul ya yi siffar giwa ya ɗora mata tabaron madam a ka, ta yi ta ɗaukar hoto, ai ta turawa Hajiya, tambaye ta. Da muka ɗan yi hira yake ce min yana da 'ya mace da aka haifa bayan ya hau jirgi, a waya kawai ya santa, sai kwantiraginsa ya ƙare zai je ya ɗauke ta. Ya faɗa ne yana murmushi yana canza rigar filo, hannunsa bai tsaya ba. Wallahi mutumina har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Haka aikin yake. Yawancinsu 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, kwantiragi wata shida zuwa tara, kuma ba ranar hutu guda cikakkiya irin wadda ni da kai muka sani, sai dai 'yan awoyi. Akwai yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ita ta ce hutun ma'aikaci kar ya gaza awa 10 cikin awa 24, da awa 77 a mako. Yi lissafi, mako awa 168 ne, in ka cire 77 saura 91, kenan mutum zai iya aikin da ya kai haka ba a karya doka ba. Mafi ƙarancin albashin da ƙungiyar ta sa wa ƙwararren ma'aikacin jirgi dala 673 ne a wata a shekarar 2025. Sannan jirgin zaka ga daga Mayami yake tashi, fasinjojin yawanci Amurkawa, amma in ka duba bayansa tutar Bahamas ce ko ta Panama, a can aka yi masa rajista, dan haka dokar albashin Amurka ba ta hau kansu ba. Shi ya sa ga masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci wannan tukwicin ba ƙari bane na jin daɗi, da shi suke lissafin abun da zasu tura gida.

Af, tunda na ambaci aikin jirgi, kasan ɗan wajen Yaya ya tada ballin shi ma jirgi zai je? Ya gama kwas ɗin girkin nan kuma wallahi hannunsa ya faɗa, amma wani eja ya lallaɓo wai a bashi kuɗi masu yawa zai samo masa gurbi. Nace da Yaya ko sisi kar ta bayar, yarjejeniyar nan da na gaya maka ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki a hannun ma'aikacin jirgi, abun da ke kansa bai wuce fasfo da gwajin lafiya da littafin shaidar aikin teku ba. Ta ji amma ba ta ji ba, kasan Yaya in yaron nan ya marairaice mata. In ta kira ka, dan na san kai take jin maganarka, ka ƙara ja mata kunne.  

Na san abun da zaka ce, dan na san halinka. Zaka ce kai ba rowa kake ba, gara ka cire na asusun ka damƙa wa wanda ya yi maka hidima hannu da hannu ka ga farin cikinsa da idonka. Ai da can haka ake yi, daren ƙarshe a ajiye maka ambulan a ɗaki, wannan na mai gyaran ɗaki, wannan na mai kawo abinci, wannan na mataimakinsa, ka zagaya kana miƙawa. Matsalar ita ce yanzu ba tebur ɗaya kake ci ba kullum, yau kana nan gobe kana can, da rana kaje wurin ɗiban abinci da kanka wani ya kwashe farantin da yaranka suka ɓata ya goge tebur ka tashi ko fuskarsa baka riƙe ba. Ga masu wanke-wanke a kicin, ga masu wanki da guga can ƙasan jirgi inda ko taga babu, zanin gadon da kake kwana a kai su suka wanke, kuma har ka sauka ba zaka taɓa haɗuwa da su ba. Kuɗin asusun nan tara shi ake a raba har da irinsu. Gaskiya ne ba a nuna wa fasinja lissafin rabon dalla-dalla, wannan ma yana cikin abun da nake ƙorafi a kai, amma ambulan ɗinka dai tabbas ba zai isa ƙasan jirgi ba.

Abun da ya fi tsaya min a rai daren ƙarshe ne. Na sauko kanta dan in duba bil ɗina sai na tarar da layi har ya lanƙwasa, da yawansu cire tukwici suka zo yi. Wani bawan Allah a gabana, jakar kantin agogo na cikin jirgin a hannunsa, yana ta ɗaga murya wai shi ba a tambaye shi ba. Yarinyar da ke kantar ta tambaye shi cikin ladabi ko akwai wanda ya ɓata masa rai a ma'aikata, yace babu, kowa ya kyauta, shi dai a cire. Ta cire masa ta yi masa godiya. Mutum ya kwana bakwai ana masa shimfiɗa ana kwashe masa shara sannan a daren da zai tafi ya zare haƙƙin mutane, kai ka fi ni sanin hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Bana so in ji an ce abokina yana cikin irin wannan layin, shi ya sa kaga na dage.

In kuwa wani ya yi maka ba daidai ba, ai ba a ce ka yi shiru ba. Ka je ka faɗa a ranar, ba sai daren ƙarshe ba, su kan gyara nan take.

Shawarata ka biya tukwicin tun yanzu kafin ku tashi, akwai wurin a shafin da ka sayi tikitin, ka ɗauke shi a matsayin cikon kuɗin tikiti ka manta da shi, kuma in sun ƙara farashi kafin ranar tafiya kai ka riga ka tsira. Ka lura da risit ɗin abun sha, ko lemo ko kofi na musamman ka saya sun riga sun ɗora kashi 18 ko 20 cikin 100, a ƙasa kuma zaka ga wani layi na ƙarin tukwici, wannan ganin dama ne ba dole ba. Haka wurin tausa da gyaran gashi, ka gaya wa Hajiya dan na san can zata tare, kar ta biya sau biyu ba ta sani ba. Ka riƙe 'yan canjin dala ɗai-ɗai da biyar-biyar a aljihu, masu ɗaukar kaya a tashar jirgin ba ma'aikatan jirgi bane, ba su da kaso a wancan kuɗin, dala ɗaya ko biyu kan kowace jaka ake basu, ku kuwa na san jakunkunanku sai an kira mota biyu. Direba da ɗan jagora in kun sauka yawo a wani tsibiri su ma daban ne. In wani ya kyauta maka sosai ka ƙara masa a hannu, wannan nasa ne.

Sai abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo. Bayan kun dawo zasu turo maka fom ta imel suna tambayar yadda tafiya ta kasance, dan Allah kar ka share, ka rubuta sunan wanda ya kyauta maka, sunan yana nan a ƙirjinsa a ɗan bajo. Shugabanninsu suna karantawa kuma yana taimaka musu wajen ƙarin girma. Ka sa babbar 'yarka ta riƙa rubuta sunayen a waya tun ranar farko, dan kai na sanka da mantuwa, har yanzu cajata tana wajenka.

Madam tana gaida Hajiya, tace a taho mata da hotuna ba irin naka masu yanke kawunan mutane ba. Ka shafa min kan yara. In Yaya ta kira ka sanar da ni abun da kuka yi, kuma ka turo min ranar tashinku.

Naka har kullum,
Abokinka