Wasiƙa daga Yuta zuwa Agadas: lungunan dutse sun cika da baƙi

Hurricane, jihar Yuta, Amurka
Daren Lahadi, watan Oktoba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe min da ita ƙwarai, sannan ka zauna kusa da ita ka karanta mata wannan daga farko har ƙarshe, don rabinsa saboda ita na rubuta. Ni lafiyata ƙalau, aiki sai godiya. Zafi ya sauka, da asuba har sai na sa rigar sanyi kafin in fita.

Na ji muryarta da Auta ya naɗo mini. Ta ce ta ga hotona a tsakanin duwatsu biyu kamar za su haɗiye ni, wani kuma ya nuna mata bidiyon ambaliya, ta kwana ba ta runtsa ba. Ta ce in daina shiga ramin nan. Bayanin ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Inna, wurin kori ne, irin namu. Ki ɗauki korin Telwa, amma maimakon ruwa ya bazu a kan rairayi, ki ce ya yi shekaru dubbai yana cin dutse ƙasa-ƙasa a layi ɗaya, har ya tsaga shi kamar an sa wuƙa. Sai ki samu lungu mai zurfi, bango dama bango hagu, sama kuma ta koma wani siririn zare. Kin san lungunan tsohon gari, can bayan babban masallaci, inda in jaki ya ɗauko kaya sai mutum ya manne da katanga? To haka, sai dai katangar ta ninka hasumiyar masallacin sau da yawa. A wanda suke kira Narrows, cikin gandun Zayon inda nake aiki, bangon yakan kai mita 300, faɗin kuwa a wasu wurare bai fi mita 7 ba, kuma cikin ruwan kogin Virgin ake tafiya, wani lokaci iya gwiwa, wani lokaci iya ƙugu.

Wannan kuma naka ne, Yaya. Dutsen nan ja da fari, masana sun ce asalinsa tudun rairayi ne, hamada ce babba da ta rufe ƙasar nan shekaru wajen miliyan 180 da suka wuce, ta daskare. Ranar da aka gaya mini, na je na ɗora tafina a jikin bangon. Layukan da iska ke zanawa a jikin tudun Temet da Arakaw, waɗanda kake nuna mini ina yaro a bayan motarka, su ne a nan, sai dai sun zama dutse. In na murza da yatsa, rairayi ne ke zubowa. Tun da na zo ƙasar nan ban ga abin da ya sa na ji gida kamar wannan ba, kuma shi ke mayar da ni can duk ranar da nake hutu.

Tsoron Inna kuwa yana kan hanya, ba zan ɓoye mata ba. Su ma suna da ɗan damina, daga Yuli zuwa Satumba, kusan daidai da namu. Hadari yakan zuba a wani tsauni mai nisa, kai kana cikin lungu rana na haske a bisanka. Dutse ba ya shan ruwa, sai duk ya tattaru ya nufo tsagin nan guda. A ranar 12 ga Agusta 1997, a lungun Antelope da ke jihar Arizona, ruwa ya tafi da baƙi 11, bakwai daga cikinsu Faransawa, irin waɗanda kake ɗauka zuwa Timiya. Inda suke tsaye ruwan sama bai taka kara ya karya ba. A nan Zayon ma, ranar 14 ga Satumba 2015, mutum bakwai suka rasu a wani ɗan lungu da ake kira Keyhole. Mu da muka ga daren azumin 2009, lokacin da Telwa ta kwaso ruwan duwatsun Abzin ta shigo gari ta narkar da gidaje, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A Buckskin Gulch, lungun da ya haura kilomita 20 ba tare da mafita ta kirki ba, na ɗaga kai na ga kututturen itace a maƙale tsakanin bangon biyu, can sama, tsayin mutum huɗu ko biyar. Busasshiyar ciyawa na lilo a jikinsa. Babu mai hawa ya kai shi can, ruwa ne ya ajiye shi. Na tsaya ƙarƙashinsa na yi salati, na ji gwiwata ta yi sanyi. Saboda haka ga alkawarina gare ki, Inna: ba na shiga a watannin damina. Ba na shiga ni kaɗai. Ina duba hasashen ruwa na yankin gaba ɗaya, har inda korin ya faro, kuma in na ga ɗigon hadari ko da a gefen sama ne, gida nake komawa. Sau biyu muka yi tuƙin awa uku muka juyo daga bakin lungu. Sauran kuma na Allah ne, ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kai za ka fi kowa ganewa.

Ka san bas nake tuƙawa. Tun shekarar 2000 aka hana ƙananan motoci shiga cikin kwarin Zayon a yawancin watannin shekara, sai dai kowa ya ajiye tasa ya hau tamu. Tasha tara ce, ta ƙarshe ita ce bakin Narrows. A ranakun hutu, kafin rana ta fito layi ya riga ya yi gwiwa biyu uku a tashar farko, kowa da sandarsa da takalmin ruwa na haya. In na sauke su na dawo, layin bai ragu ba. A 2010 masu zuwa gandun ba su kai miliyan 3 ba. A 2021 sun haura miliyan 5. Springdale kuwa, garin da ke bakin ƙofa, mazaunansa ba su kai dubu ba, kuɗin haya ya kore mu ma'aikata zuwa garuruwan gefe, shi ya sa nake kwana a nan Hurricane. Jihar da kanta ta yi tallar gandayenta biyar tun 2013, sannan waya ta ƙarasa aikin: mutum ɗaya ya ɗora hoto da sunan wuri, wata mai zuwa mutum ɗari sun iso.

Cikin gandu dai akwai masu gadi da makewayi da hanya shimfiɗaɗɗiya. Abin da ya fi damuna shi ne jejin da ke bayansa, inda babu kowa da ke tsaro. Waɗanda cunkoson gandu ya ishe su, can suke gudu, su tarar kowa ma can ya gudo.

Watan Afrilu muka je yankin Escalante ni da abokin aikina, wani dattijo haifaffen Kanab. Mun sha gargadar hanya har haƙori na karo, kamar hanyar Tabelot. Ya ce yana saurayi in ya zo nan sai ya yini bai ga sawun kowa ba. Muka tarar da motoci cike da fili. Lungun Spooky yana matsewa har ya koma kamar taƙi ɗaya da 'yan yatsu, sai ka sauke jaka ka riƙe a hannu, ka juya gefe, ƙirjinka na gogar bango ɗaya bayanka na gogar ɗayan. A ka'ida ta wani lungun ake hawa a sauko ta wannan, amma wata tawaga ta shigo ta baya. Muka yi kiciɓis a inda ko kai ba ya juyuwa. Gabana wata yarinya ce da ba ta fi shekara takwas ba, kumatunta manne da dutse, tana kuka a hankali, ubanta na bayana ba shi da halin miƙa mata hannu. Na yi ta yi mata magana, na ce ta kalli zaren hasken da ke sama ta ƙirga mini tsuntsayen da za su wuce. Kusan rabin awa muka yi kafin na can su yarda su ja da baya. Duk tsawon lokacin abu ɗaya nake tunani: da a ce yanzu ruwa ya taso fa?

Ka yi mini afuwa da abin da zan faɗa. A ƙarƙashin duwatsun bakin hanya bahaya ne da takardar goge jiki, kuma busasshiyar ƙasa irin wannan ba ta cinye shi da wuri. Shi ya sa a lungun Paria doka ce ka ɗauki wata leda ta musamman ka fito da naka. A mahaɗar lungunan Wire Pass da Buckskin akwai zanen tumakin dutse da mutanen farko suka sassaƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kusa da su na ga sunayen 'yan bana an karce da makulli. Nan take raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus suka faɗo mini, da yadda kake hana baƙinka taka su. Akwai kuma wani baƙin ɓawo a kan ƙasa, kamar ƙanzon tukunya, ashe abu ne mai rai, shi ke riƙe ƙasar kada iska ta kwashe. Taku ɗaya ya murƙushe shi, kuma sai ya shekara gommai bai dawo ba. Dattijon nan in ya ga sawu a kansa har fuskarsa takan canza.

Hukuma ta koma ƙayyade adadi. Tun Afrilun 2022 ba a hawa ƙarshen tsaunin Angels Landing sai da takardar izini ta hanyar ƙuri'a. Kwana a Paria da Buckskin, mutum 20 ake bari su shiga a rana. Wurin da ake kira Wave da mutum 20 ne, a 2021 aka mayar 64. Sau shida ina nema ban dace ba, kuma raina bai ɓaci ba.

Abokan aikina da yawa tsine wa baƙin suke yi. Ni bakina ba ya iya furtawa. Na tuna lokacin da jirgi ke tasowa daga Faransa ya sauka Agadas kai tsaye, maƙera na kwana suna ƙera azurfa, kai kana fita Tenere sau biyu a wata. Na tuna 2007 da tawaye ya ɓarke, ƙafa ta ɗauke, motarka ta yi shekara biyu a zaure ƙura na hawa kanta kafin ka sayar. Na san yadda gari yake in baƙo ya daina zuwa. Kuɗin da nake turo wa Inna ma daga layin asubar nan yake fitowa. Kuma mai aikin da ya tara kuɗi shekara guda ya kawo 'ya'yansa su ga ikon Allah, wa ya isa ya ce masa bai cancanta ba?

Amma na ga yadda 'yan ƙabilar Nabaho suke yi da Antelope, wanda ke cikin ƙasarsu. Tun 1997 ba mai shiga sai da ɗan jagora nasu. Akwai cunkoso, ana kora ku rukuni-rukuni, wasu na ƙorafin tsada. Duk da haka matar da ta jagorance mu ta tsayar da mu a bakin lungu ta faɗa mana sunansa da harshensu, wanda ke nufin wurin da ruwa ke bi ta cikin duwatsu, ta ce wuri ne mai alfarma a wajensu. Da wani saurayi ya ɗora ƙafa zai hau bango, kallo ɗaya ta yi masa ya sauko. Ban ga ko karce ɗaya ba, kuɗin kuma yana shiga gidajen masu ƙasa. Kai na gani a jikinta, Yaya. Haka kake yi: kana ƙirga mutanenka, kana kwashe gwangwaninsu, ba ka kwana da su a cikin kori ko da sama tana tas. In Allah ya kawo zaman lafiya baƙi suka dawo Abzin, ina roƙon ya zama a hannun irinku za su shiga, da adadi, tun kafin abin ya fi ƙarfin kowa.

Saura saƙon Auta. Hoton da ya tayar wa Inna da hankali, a wani ƙaramin lungu na ɗauke shi, wanda dattijon nan ya kai ni bisa amana. Babu alama a bakin hanyarsa. Mun yi awa biyar ba mu ji muryar kowa ba, na yi taimama da rairayinsa na yi azahar, shiru har ina jin bugun zuciyata. Ni na yi kuskuren rubuta sunan wurin a ƙasan hoton, Auta kuma ya ɗora a Facebook da sunan. Ban ga laifinsa ba, alfahari yake da ni. Ka ce masa don Allah ya bar hoton amma ya goge sunan, yau ɗin nan in da hali.

Na tura kuɗin maganin Inna ranar Alhamis, ka duba ka sanar da ni. In an samu mai tahowa, a haɗo ni da cuku da ganyen shayi. Kuma ka binciko mini tsohon hoton nan naka a bakin ruwan Timiya, kai da baƙinka da rawaninka shuɗi. Na ba dattijon labarinka, ya ce yana so ya gan ka.

A gaida Gwaggo da yara da duk mutanen unguwa.

Wassalam,
Ƙaninka